Tattabara biyu sun ishe shi

Iyaye, ga wata 'yar dabara da ta rage min asara.

In ɗanku ya matsa yana son kiwon tattabaru, kar ku cika masa ɗaki da su. Ku saya masa biyu kacal, mace da namiji. Sai ku kafa sharaɗi: dawa da geron wata uku a kanku, daga nan kuma shi da tattabarunsa.

Na taɓa saya wa babban yarona guda goma rana ɗaya. Ko wata biyu ba a yi ba, ni na koma mai zuba musu ruwa. Ya samu komai, ba sauran abin jira.

Ƙaninsa biyu na ba shi. Tattabara ƙwai biyu take yi, ta ƙyanƙyashe wajen kwana 18. Bayan kamar mako huɗu 'ya'yan sun yi gashi, sun isa sayarwa. Kullum yana leƙen wani abu, kullum yana lissafi. Ranar da ya sayar da na farko ya shigo da mudun dawa a leda, sai ka ce ya gina gida! Yau shekara uku ban tuna masa ba.

Amma fa in ɗan makarantar kwana ne, ku bari, aikin kanku zai dawo. In yana shirin WAEC ko NECO, ya rage su, kar ya sayar duka. Kuma ku toshe hanyar mage tun farko. In ta cinye biyun nan a makon farko, da wuya ya sake waiwayar kiwon.