Yadda Ɗan Wasan Tsakiya Zai Tsawaita Wasansa, Ya Kuma Shirya wa Ranar Ritaya

Ɗan wasan tsakiya ya fi kowa cin ƙasa a fili, domin a manyan gasanni yakan yi gudun kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, kuma ƙafar da ke wannan aiki takan fara ja da baya da zarar an haura shekara 30. Saboda haka abin da ya kamata ka fara ginawa tun kana matashi shi ne fahimtar wasa, wato ka san inda za ka kai ƙwallo tun kafin ta iso gare ka. Ka saba wa kanka da waiwayen hagu da dama yayin da ƙwallo take hanya, ka tsaya a karkace yadda za ka ga mai ba ka da kuma filin da ke gabanka, sannan ka tare ta da ƙafar da ta fi nisa da mai ba ka domin taɓawar farko ta fuskantar da kai gaba. Bayan kowane wasa ka zauna da bidiyonsa, ka tsayar da hoton a duk inda aka ƙwace maka ƙwallo, ka duba ko ka waiwaya kafin ka karɓa. Galibi za ka tarar ba ka waiwaya ba.

Idan koci ya nemi ya mayar da kai baya, kada ka ɗauka ƙasƙanci ne. Andrea Pirlo ya taso ne yana wasa a bayan 'yan gaba, sai koci Carlo Mazzone ya ja shi zuwa gaban masu tsaron baya a Brescia a 2001, Carlo Ancelotti kuma ya tabbatar da shi a wannan gurbi a AC Milan. A wannan gurbi ya ci Kofin Duniya da Italiya a 2006, kuma da ya koma Juventus a 2011 yana da shekara 32, ya sake ɗaukar kofin Serie A sau huɗu a jere. Haka José Mourinho ya yi wa John Mikel Obi a Chelsea, bayan ya haskaka a matsayin mai shirya hari a Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005. Har yau akwai masu takaicin wannan sauyi, kuma ina ganin suna da hujja, amma gurbin ne ya zaunar da shi fiye da shekara goma a kulob ɗin, har ya ɗaga kofin Zakarun Turai a 2012.

Kada ka koma fili da rauni bai warke ba don tsoron rasa gurbi, musamman raunin gwiwa. Kada kuma ka sa hannu a kwantiragin da lauyanka bai karanta ba, ko da wakilinka ya rantse cewa babu matsala, kuma ka riƙa ware wani kaso na albashinka inda hannunka ba ya saurin kaiwa.

Babban shiri shi ne neman lasisin horarwa tun kana taka leda. Hukumomin ƙwallo irin su UEFA ta Turai da CAF ta Afirka suna ba da shi hawa-hawa, daga ƙananan matakai zuwa B da A, har zuwa Pro, kuma kowane mataki yana buƙatar karatu da horar da 'yan wasa a aikace, don haka ba abin da ake gamawa cikin wata ɗaya ba ne. Idan ka same shi, ka yarda ka fara daga ƙasa. Pep Guardiola ya fara da ƙaramar ƙungiyar Barcelona a 2007 kafin a damƙa masa babbar a 2008. Mikel Arteta ya jingine takalmi a 2016, ya yi mataimaki a Manchester City fiye da shekara uku kafin Arsenal ta kira shi a Disambar 2019. Xabi Alonso, wanda ya yi ritaya a 2017, ya horar da yaran Real Madrid, ya yi kaka uku da ƙaramar ƙungiyar Real Sociedad, sannan ya ci Bundesliga da Bayer Leverkusen a 2024 ba tare da an doke shi ko sau ɗaya a gasar ba. Pirlo kuwa an ba shi Juventus a 2020 bai taɓa jagorantar wasa ba, aka sallame shi bayan kaka ɗaya. Sanin ƙwallo daban, iya koyar da ita ga mutum 25 masu halaye mabambanta daban.

Ba kowa ne zai zama koci ba, kuma babu laifi a cikin hakan. Akwai sharhin wasa a rediyo da talabijin, akwai farauto wa kulob matasan 'yan wasa, akwai nazarin bidiyo da shugabancin sashen wasanni. Ka zaɓi ɗaya tun da sauran shekara biyu ko uku a ƙafarka, ka nemi izinin kulob ɗinka ka riƙa zama da masu wannan aiki a ranakun hutunka, ka kuma tuntuɓi ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasar da kake wasa, domin da yawansu suna taimaka wa mambobinsu da kuɗin kwas.