Yadda ake neman bizar ɗauko mata zuwa Birtaniya daga Najeriya

Yawancin waɗanda na ga an hana matansu bizar aure ta Birtaniya, aurensu na gaskiya ne, an ɗaura shi a gaban jama'a, an biya sadaki, wasu har an samu rabo. Abin da ke kayar da su shi ne ma'aikacin da ke duba buƙatar bai halarci ɗaurin auren ba, takardun da ke gabansa kawai yake karantawa. Zan yi magana da miji mai son ɗauko matarsa, amma dokar ɗaya ce idan mace ce za ta ɗauko mijinta. Na ɗauka kana da fasfon Birtaniya ko takardar zama ta dindindin, kuma ku biyun kun kai shekara 18, domin ɗalibai da masu bizar aiki hanyarsu daban take.

Mataki na farko shi ne ka lissafa kuɗin da kake samu kafin ka biya kowa ko sisi. Tun daga 11 ga Afrilu 2024 ana buƙatar mai ɗaukar nauyi ya riƙa samun fam 29,000 a shekara kafin cire haraji, alhali a da fam 18,600 ne. Idan ka yi wata shida a wurin aiki ɗaya, za ka kawo takardun albashi na wata shidan, da bayanin asusun banki da ke nuna shigar albashin, da wasiƙar wurin aikin. Takarda ta ƙarshe kada ta wuce kwana 28 da fitowa a ranar da aka miƙa buƙatar ta intanet. Albashin matarka a Kano ko Kaduna ba ya shiga wannan lissafi, haka ma alkawarin da yayanka ko kawunka ya yi na tallafa muku. Wanda zai dogara da ajiya kaɗai sai ya nuna fam 88,500 da suka yi wata shida a asusunsa ko nata, kuma kuɗin da aka aro aka zuba ana saura mako guda ba ya ruɗin kowa.

Mataki na biyu takardun aure ne, kuma a nan mutanenmu suka fi faɗuwa. Birtaniya tana karɓar auren da ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, saboda haka auren Musulunci da aka ɗaura a Najeriya ba ya buƙatar a sake shi a rajista. Amma dole a samu shaida a rubuce. Ni dai shawarata ita ce kada a tsaya a takardar da limamin unguwa ya sa wa hannu, a je kotun shari'ar Musulunci ko ofishin ƙaramar hukuma a karɓo takardar shaidar aure mai hatimi, wadda ke ɗauke da ranar ɗaurin auren da wurin da sunayen waliyyi da wakili da shaidu. Idan da Hausa ko Larabci aka rubuta ta, sai an fassara ta zuwa Turanci, mai fassarar ya rubuta cewa fassarar daidai take, ya sa cikakken sunansa da kwanan wata da sa hannu da yadda za a same shi.

A al'adarmu ango yana iya zama a Landan wakilinsa ya karɓa masa aure a Zariya, kuma dokar Birtaniya ba ta ƙin wannan muddin ya inganta a inda aka yi shi. Sai dai akwai sharaɗi dabam, wato ku biyun kun taɓa haɗuwa ido da ido, kuma hira ta waya ko ta bidiyo ba ta cika wannan sharaɗin. A ajiye hatimin shiga da fita da ke cikin fasfo, da tikitin jirgi, da hotunan da kuke tare, da rasit na kuɗin cefane da kake aikowa, da kaɗan daga hirarku ta WhatsApp da aka tsinto daga watanni daban-daban. Shafi goma masu tsari sun fi shafi ɗari uku na gaisuwar safe.

Auren da ya gabata shi ne babban rami. Idan ɗayanku ya taɓa aure, sai an nuna cewa wancan auren ya ƙare, da takardar saki daga kotu ko takardar shaidar rasuwa. Sakin da miji ya furta yana cikin Birtaniya ba ya raba aure a dokar ƙasar, domin dokar iyali ta 1986 ta ce kotu ce kaɗai ke raba aure a can. Ko ya zo gida ya furta, idan ba a bi ta kotu ba kuma ya cika shekara yana zaune a Birtaniya kafin ranar, ba za a karɓa ba. Haka nan idan kana da wata matar da ta taɓa shiga Birtaniya a matsayin matarka kuma auren yana nan, ba za a ba ta biyu wannan bizar ba. Ɓoye uwargida ko 'ya'ya a cikin fom yaudara ce a wurinsu, kuma hukuncinta yana kai wa ga hana shiga ƙasar na shekara goma.

A kuma duba sunaye harafi da harafi. A'ishatu a takardar haihuwa, Aisha a fasfo, Indo a takardar aure, duk mun san mutum ɗaya ce, amma ma'aikacin bai sani ba. A daidaita da abin da ke cikin fasfo da lambar NIN, inda ba a iya gyarawa kuma a haɗa takardar rantsuwa daga kotu da gajeren bayani.

Duk wanda ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli ya shafa, ya nemi lauya kafin ya cike fom. A Birtaniya laifi ne mutum ya ba da shawara kan shige da fice ba tare da rajista ba, saboda haka a nemi lambar rajistarsa a bincika a shafin IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da irin wannan shawara, wadda a da ake kira OISC, ko na hukumar lauyoyi ta SRA. Ejan ɗin da ya ce yana da mutum a ciki, ko ya ce zai gyara maka bayanin banki, a rabu da shi tun da wuri, domin sunan matarka ne a kan buƙatar kuma ita haramcin zai hau. Wanda al'amarinsa ba shi da sarƙaƙiya yana iya cikewa da kansa a shafin gov.uk ya rage kashe kuɗi.

Mataki na uku nata ne. Za ta ci jarrabawar Turanci ta ji da magana a matakin A1, wato matakin farko, a cibiyar da aka amince da ita, domin Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka ɗauke wa wannan, kuma sakamakon WAEC ba ya maye gurbinta. Za ta kuma yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, kamar na hukumar kula da ƙaura ta duniya (IOM) a Abuja ko Legas. Takardar gwajin wata shida take aiki, don haka kada a yi gaggawar yin sa.

Daga nan sai cike fom da biyan kuɗi. A Afrilun 2025 kuɗin bizar ya kai fam 1,938, kuɗin kiwon lafiya kuma fam 1,035 ne a kowace shekara, ana biyan na shekara uku gaba ɗaya, kuma a duba shafin a ranar biya domin farashin yana canzawa. Za ta je cibiyar biza a Abuja ko Legas a ɗauki hotonta da zanen yatsunta, sannan a jira kimanin mako 12. Idan an hana, akwai kwana 28 na ɗaukaka ƙara. Idan an bayar, bizar ta wata 33 ce, a sabunta ta da wata 30 bayan cin Turanci na matakin A2, bayan shekara biyar a nemi zama na dindindin. Matar ɗan Birtaniya tana iya neman zama 'yar ƙasa da zarar ta samu wannan. Tun daga ranar da ta sauka a fara tara wasiƙun banki da na likita da na harajin gida masu ɗauke da sunayenku a adireshi ɗaya, domin su za a nema a lokacin sabuntawa.