Yawon ƙafa a Kano: kurakuran da ke hana mutum ganin tsuntsu da bishiya

Ɗan ƙanina ya zo hutu ya yi kwana huɗu a Kano. Da zai koma na tambaye shi me ya gani, sai ya ce, "Baffa, ai garin nan ba komai sai ƙura da ham ɗin adaidaita." Ban musa masa ba, don iyakar abin da ya gani ke nan. Sai dai a kwana huɗun nan ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba in ba daga ƙofar gida zuwa bakin titi ba. Kurakuran da ya yi, mu 'yan gari ma kullum muna yin su.

Mafi girma shi ne lokacin fita. Wanda ya fito da hantsi ko da azahar ya tarar da Kanon kasuwa, kuma ita ba ta sauraron kowa. Kanon da nake magana a kai tana buɗe ido ne daga sallame sallar asuba zuwa wajen ƙarfe bakwai. A wannan tsakani za ka ji kukan kurciya daga kan katanga, ka ji tsintsiya tana shara a wani zaure, ka ji ƙamshin itacen mai ƙosai tun kafin man ya yi zafi. Belbela na wucewa a sama jere-jere, sun baro makwanci sun nufi inda shanu suke. Akwai wani ɗan taƙin kuma da mutane ba su cika lura da shi ba: lokacin azumi, daidai kiran magariba. Titin da minti goma da suka wuce ba a iya tsallaka shi sai ya yi tsit kamar an share. Idan ka sha ruwanka a ƙofar gida, ɗaga kai ka dubi sama, za ka ga tsuntsaye suna komawa bishiyoyinsu, abin da suke yi kullum ba ka sani ba.

Sai abin hawa. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 adaidaita sahu ta zama ƙafar kowa, ita kuwa rufinta ya tare maka sama, direba yana sauri ya cika balas. Gyaran mai sauƙi ne. Hau ta kai ka bakin ƙofa ɗaya, Ƙofar Na'isa ko Ƙofar Ɗan Agundi ko Ƙofar Mata, ka sauka ka shiga da ƙafa. Kada kuma ka ɗora wa kanka Dala da Kurmi da Gidan Makama da marina duk a yini ɗaya. Wannan ba yawo ba ne, aike ne. Unguwa ɗaya ta ishe ka safiya guda.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne zaton cewa halittar Allah a birni sai an je Gidan Zoo an biya kuɗin shiga. Alhali sunayen unguwannin garin kawai sun isa su gaya maka akasin haka. Durumin Iya. Cediyar 'Yan Gurasa. Kukar Bulukiya. Kurna, Giginyu, Ɗorayi, Tsamiyar Boka, Kasuwar Rimi. Ita kanta Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), sunanta na nuna maka abin da ke gefen Jakara kafin rumfuna. Mutanen da suka gina garin nan da bishiya suke kwatance. To, ka mayar da wannan abin yi: shiga unguwar da ke da sunan bishiya ka nemi bishiyar. Wani wurin za ka same ta, wani wurin sai dai jikarta, wani wurin kuma shago ne a gurbin. Ko ba ka samu ba, neman zai sa ka ɗaga kai, kuma da zarar ka fara ɗaga kai za ka ga cediya ta tsiro a tsagin tsohuwar katanga, ka ga dabino ya leƙo daga tsakar gidan wani.

A nan ne kuskuren rashin gaisuwa ke shigowa. Mutum ya tsaya a lungu yana ƙare wa bishiya kallo bai ce wa kowa uffan ba, dole a tambaye shi wa yake nema. Ka fara da dattawan da ke kan dakali. "Salamu alaikum, Baba, barkanku da hutawa. Don Allah wannan durumin ya daɗe a nan?" Na taɓa yin wannan tambayar, wani tsoho ya matsa mini a tabarma ya ce, "Zauna, yaro, ai a gindinsa aka yi mini aski." Na yi kusan awa guda a wurin. Ƙadangare mai jan kai yana ta gyaɗa kai a jikin bango, tattabarun wani maƙwabci suna zagaye ɗaya suna komawa, akuya ta miƙe da ƙafa biyu tana kamo ganye. Ban ga wani abin a zo a gani ba, amma ban ji ham ko sau ɗaya ba, kuma tsakanina da babban titi bai fi tafiyar minti uku ba.

Waya kuma, bar ta a aljihu. Dalili biyu ne: wanda ke neman hoto ba ya jin sauti, sannan kowa ya san matsalar ƙwacen waya. Idan hoton ya zama dole, kada ka ɗauki mutane ko ƙofar gidansu sai ka nemi izini.

Akwai masu toshe hanci su wuce kududdufi da sauri. Ba na ganin laifinsu sosai, don da yawa sun zama juji. Amma ka san daga ina suka fito: ramukan da aka haƙa ne aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara ta. Su ne ke shanye ruwan sama, shi ya sa inda aka cike su aka yi gini ake yawan kuka da ambaliya. Waɗanda suka rage, idan damina ta sauka, kainuwa kan rufe su kore shar, zalɓe ya tsaya a gefe da ƙafa ɗaya, da dare kuma kwaɗi su cika unguwa. Tsaya daga nesa kaɗan, ta inda iska ke fitowa, ka ba wurin minti biyar.

Dutsen Dala kowa na hawa, amma yawanci da rana tsaka, a yi haki, a ɗauki hoto, a sauko. Hau da sassafe ko bayan la'asar, ka je da abokin tafiya, ka zauna. Jan dutsen da ke ƙarƙashinka tama ce, ita ta jawo maƙeran farko wurin tun kafin a yi maganar birni. Ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga shirwa tana shawagi kusan daidai da fuskarka maimakon can sama. Daga nan ne za ka gane inda garin ke da inuwa da inda ba shi da ita: wajen Nasarawa duhun bishiya, cikin gari kuwa kwano da siminti da 'yan ɗigon kore. Ungulu ce ba za ka gani ba. Manya suna ba da labarin yadda take cika bakin kwata a da, yanzu sai a daɗe ba a ga ko ɗaya ba.

Na ƙarshe shi ne zuwa sau ɗaya a ce an gani. Bishiya ɗaya kamanni huɗu gare ta a shekara. Kuka tana tsirara da rani, rimi yana fasa 'ya'yansa audugar ta bi iska, darbejiya (wadda asalinta Indiya ce, zamanin Turawa ta yaɗu a nan) tana ƙamshi da dare idan ta yi fure. Gawo kuwa, da za ka tarar a gonakin bayan gari ta hanyar Gwarzo, shi nasa a juye yake: ya kakkaɓe ganye da damina, ya yi kore da rani. Idan ka ga shamuwa ta sauka, ruwa ya kusa. Da hunturu kuma hazo kan rufe gari har daga kan Dala da ƙyar ka hango Goron Dutse, don haka mai son hangen nesa ya bari sai washegarin ruwan sama, lokacin da ƙura ta kwanta. Ya sa takalmi mai kama ƙasa, don dutsen na santsi.