Yadda za ka gane ko katin girafik mai GPU biyu zai yi maka aiki: monita uku ko tabaron VR

Masu sabon shiga harkar haɗa kwamfutar gem kusan a wuri ɗaya suke tuntuɓe. Mutum zai ga tsohon kati mai GPU biyu (GPU shi ne guntun da ke zana hoton da ake gani a allo) ana sayarwa da araha, irin GeForce GTX 690 na 2012 ko Radeon R9 295X2 na 2014, sai ya yi lissafin dokin rano: GPU biyu, ƙarfi ninki biyu, saura kawai ya sayi tabaron VR, wanda ake sawa a fuska mutum ya ji kamar yana cikin wasan. Bayan ya haɗa komai sai ya tarar GPU ɗaya ne ke aiki, ɗayan yana zaune yana shan wuta. Ga yadda ake bin abin kafin kuɗi su fita daga aljihu.

Mataki na farko, raba mimorin da aka rubuta a kwali gida biyu. R9 295X2 an ce 8GB ne, amma kowane GPU 4GB gare shi, kuma abin da ke cikin wannan shi ne ke cikin wancan, domin kowanne sai ya riƙe cikakken kwafin kayan wasan. GTX 690 kuwa 2GB ne a aikace. Har Titan Z, da aka fitar a kan dala 2,999, 12GB ɗinsa 6GB ne. Idan rabin bai ishi wasanka ba, magana ta ƙare tun a nan.

Na biyu, rubuta sunayen wasannin da kake bugawa da gaske, ka bincika ɗaya bayan ɗaya ko suna aiki da SLI na Nvidia ko CrossFire na AMD, wato hanyoyin da kamfanonin biyu ke haɗa GPU biyu su yi aiki tare. Katin mai GPU biyu ba wani abu ba ne illa SLI ko CrossFire a kan faranti ɗaya, kuma sai direba (manhajar da ke tafiyar da katin) ko masu ƙirƙirar wasan sun tanadi hanya kafin GPU na biyu ya motsa. Nvidia ta daina fitar da sabbin tsare-tsaren SLI daga farkon 2021, AMD ma ta daɗe da juya wa CrossFire baya. A DirectX 12, manhajar da wasanni ke magana da kati ta cikinta, nauyin ya koma kan masu ƙirƙirar wasa, kuma kaɗan ne suka ɗauka. Saboda haka tsofaffin wasannin DirectX 11 ne kasuwar wannan kati.

Na uku shi ne inda ake shan kashi, don haka zan ɗan tsaya. Daina kallon lambar fps da ke kusurwar allo, wato yawan firem (hotuna) da ake zanawa a daƙiƙa. Abin dubawa shi ne tsawon lokacin da kowane firem yake ɗauka. Yawancin wasanni suna raba aikin ne karɓa-karɓa: GPU na farko ya zana firem na 1, na biyu ya zana na 2, na farko ya koma kan na 3. Firem suna fitowa da yawa, gaskiya ne, amma ba wanda aka gama da wuri. Idan kana ganin 90 a daƙiƙa, kowane GPU yana iya kwashe kusan milisakan 22 a kan firem ɗinsa. Wato hoton da ke gabanka an fara zana shi ne da motsin da ka yi tun firem biyu baya.

A kan monita wannan jinkirin mai jurewa ne. Ka juya sitiyari, mota ta juya bayan ƙiftawar ido, ba za ka ma lura ba. A cikin tabarau kuwa allon yana manne da fuskarka. Tabarau irin Oculus Rift da HTC Vive na 2016 suna sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa, milisakan 11 ke nan ga kowane firem, kuma abin da ake nema shi ne daga juya kai zuwa canjin hoto kada ya wuce milisakan 20. In ya wuce, ka juya wuya duniya ta biyo ka daga baya, cikin kunne na cewa ka motsa, ido na cewa tukuna. Daga nan sai jiri, sai gumi, sai tashin zuciya. Shi ya sa karɓa-karɓa ba ta da wuri a VR. An fito da wata dabara, kowane ido da GPU ɗinsa: Nvidia ta kira tata VR SLI, AMD ta sa tata cikin LiquidVR, har ta fitar da Radeon Pro Duo a 2016 da wannan niyya. Dabarar tana da kyau a takarda, sai dai dole mai wasa ya gina ta cikin wasansa, kuma 'yan tsiraru ne suka yi.

Ko a kan monita ma ka gwada. Sa manhajojin auna aikin kati, MSI Afterburner tare da RivaTuner, kunna zanen lokacin firem, ka buga wasan na 'yan mintoci. Layin ya kamata ya kwanta kusan a miƙe. Idan ka ga yana hawa da sauka kamar haƙoran zarto, wannan firem milisakan 8, na gaba 25, to ga sarƙewar da ido ke gani alhali lamba tana cewa 60. Kunna daidaita tazarar firem a direban AMD, wadda suka ƙaro a 2013, ka sake gwadawa. In bai gyaru ba, kashe GPU ɗaya ka kwatanta. Firem 45 masu tafiya daidai sun fi 70 masu ɗingishi daɗin wasa, kuma a kan wannan ba na karɓar musu.

Na huɗu, yanke shawara. Monita uku masu 1920 da 1080 suna ba da 5760 da 1080, fiksel sama da miliyan 6, kuma a 60 a daƙiƙa aiki ne mai nauyi wanda ba ya tsananin gudun jinkiri. Nan ne katin ke da amfani, musamman a wasannin tseren mota da tuƙin jirgin sama, inda ganin gefe ke da daraja. Idan VR kake so, sayar da shi ka nemi kati mai GPU ɗaya mai ƙarfi. Lokacin fitowar Rift, GTX 970 ko R9 290 aka ba da shawara, kuma rabin GTX 690 bai kai nan ba.

Na biyar, wuta. R9 295X2 yana jan kusan wat 500 shi kaɗai ta wayoyi biyu masu fil 8, kuma AMD ta nemi kowace waya ta iya ɗaukar amp 28. Kada ka ciro su biyun daga waya ɗaya mai reshe. Arahar katin sau da yawa a nan take narkewa, domin sai ka canza PSU, na'urar da ke ba kwamfuta wuta, ka kuma nema wa radiyeton da ke sanyaya katin da ruwa gurbi a akwati.

Saura jera monitocin. Su zama iri ɗaya, masu siririn baki. Haɗa su su zama kamar allo ɗaya ta saitin Eyefinity a AMD ko Surround a Nvidia. A tsofaffin katunan AMD monita na uku sai ta DisplayPort, ko adafta mai aiki da wuta, ba mai arahar nan ba. Kunna gyaran bakin allo don kada titi ya karye a mahaɗa, karkato na gefe zuwa gare ka, faɗaɗa kusurwar gani a saitin wasan. Buɗe wasan a cikakken allo, domin CrossFire ba ya aiki a taga. Idan taswira da ma'aunin rai suka gudu can ƙarshen monitocin gefe, duba saitin wasan ko akwai zaɓin dawo da su tsakiya. Wasu suna da shi, wasu sai haƙuri.