Yadda ake ziyartar duwatsun Birnin Kudu a ga zanen shanun mutanen dā

Mai son ganin zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, a Jihar Jigawa, ya fara da zaɓen lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ya fi: ciyawa ta bushe, ana ganin inda ake sa ƙafa, sanyin hunturu kuma bai bar dutse ya yi zafi da wuri ba. A watan Afrilu kuwa, kafin hantsi ya dubi ludayi falalen dutsen ya ɗauki zafin da ba a iya dafa shi da tafin hannu. Da damina santsi ne matsalar, ga tsawa, wadda ta fi faɗa wa wuri mai tudu.

Daga Kano a bi hanyar Wudil, a wuce Kwanar Huguma, tafiyar wajen awa biyu a mota. A tashi bayan asuba. Kowane mutum ya riƙe ruwan sha lita biyu, uku in akwai hali, da takalmi mai ƙasan roba wanda ke kama ƙafa. Silifas ba na hawan dutse ba ne, yana jawo zamewa wajen saukowa.

Da isa gari kada a zarce dutse kai tsaye. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana da cibiya a Birnin Kudu saboda waɗannan zane-zane, a fara da can a nemi ɗan rakiya. In hanya ta bi ta unguwa ko gonar wani, a tsaya a gaisa da mai unguwa. Wuraren da suka fi suna su ne Dutsen Habude, Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, kuma baƙo yana iya tsayawa dab da zanen bai gan shi ba, domin a ƙarƙashin dutse yake, launinsa kuma ya koɗe.

Kafin a kai ga zanen, a dubi dutsen kansa. Irin wanda masana ke kira giranait ne: narkakken dutse da ya taso daga can ƙasa, ya huce a hankali bai fito fili ba, shi ya sa ƙwayoyinsa suka yi girman da ido ke gani. A matso kusa a duba, za a ga masu haske kamar gilashi, da farare ko jaja-jaja, da baƙaƙe. Dangi ɗaya ne da duwatsun garin Dutse da na Shira, har zuwa na Jos. An auna na Dutse an samu shekara miliyan 200 da ɗoriya, kuma in aka yi kudu shekarun raguwa suke yi. Dunƙulallun duwatsun da suka hau kan juna kamar an jera su, ruwa ne ya yi aikin. Ya bi ta tsaga yana cin kusurwa tun dutsen na binne, daga baya zaizaya ta kwashe ƙasar ta bar su a tsaye. Zafin rana da sanyin dare kuma suna sa fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Inda wani babba ya jingina da ɗan'uwansa sai a sami rumfa, ruwan sama bai taɓa cikinta, to nan mutanen dā suka yi zanensu, kuma wannan rumfar ce ta tsare shi har ya iso gare mu.

In an shiga inuwar, a dakata minti biyu ko uku ido ya saba. Yawancin abin da aka zana shanu ne, da ja da fari da baƙi. A lura da bayansu da kyau: akwai masu dogayen ƙaho waɗanda ba su da tozo, ba irin shanun da Fulani ke kiwo a yankin yau ba. A ganinmu nan ne darajar wurin take, domin dutsen ya riƙe kamannin wata dabba da ta riga ta ɓace daga wannan yanki. A kawo yara su nemo tozon da kansu, sun fi riƙe abin da suka gano.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne watsa wa zanen ruwa don ya fito a hoto. Yana fitowa na ɗan lokaci, amma ruwan kan jiƙa launin, ya jawo gishirin da ke cikin dutse zuwa sama, in ya bushe ya bar farin tabo. Shafawa da hannu ma ɓarna ce, maiƙo da gumi suna mannewa su kama ƙura. Kada a bi layin zanen da alli ko gawayi, kada a rubuta suna. Wuta ta fi duka muni, hayaƙi ya rufe zanen, zafi kuma ya ɓare fuskar dutsen da zanen gaba ɗaya. Masu fasa dutse sun san wannan, da wuta suke tsaga shi. Mai ɗaukar hoto ya kashe fitilar waya, ya tsaya taku biyu baya, ya ɗauka daga gefe da hasken safiya.

Sai duwatsun kiɗa. A Birnin Kudu ne Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya fara rubuta labarinsu bayan ya gan su a 1955, ko da yake mutanen gari sun daɗe da sanin abinsu. Dutse ne da ba shi da tsaga a ciki, ya zauna a kan wasu ba tare da ƙasa ta danne shi ba, in an buga sai ya yi amo kamar ƙarfe. Ana gane shi da 'yan ramuka masu santsi a gefensa, inda aka yi ta bugu shekara da shekaru. A ɗauki dutse daidai cikin hannu, a buga a hankali cikin ramin da ke akwai, kowane rami da muryarsa. Ba a sa guduma ko ƙarfe, domin in dutsen ya tsage amon ya tafi ke nan.

Kada a cusa hannu cikin tsagar da ido bai ga ƙarshenta ba, kunama da maciji suna fakewa a ciki. In aka ji gunjin ƙudan zuma a ja da baya shiru, ban da jifa, kuma a bar turare mai ƙarfi a gida. A fara saukowa kafin ƙarfe 11, a gicciye, hannu ɗaya ba kaya, ledar ruwa da sauran shara kuma a cikin jaka.