Kada na'urar kunnen su Baba ta bi kayan wanki

'Yan uwa masu iyaye a gidajen kula da tsofaffi, da masu aiki a can: na'urar taimaka wa ji takan ɓace ne cikin zanen gado da ke hanyar wanki, ko a naɗe ta a tishu a tiren abinci a zubar. Ku sayo igiyar nan mai ɗan maƙali da ake kamawa a wuyan riga, tana da araha. Da dare a ajiye ta a akwatinta mai sunan mai ita, wuri ɗaya kullum. Ku rubuta lambar jikinta, don wasu kamfanoni na musanya wadda ta ɓata sau ɗaya cikin garanti. Ƙananan batiran kuwa a ɓoye su, mai mantuwa kan ɗauka ƙwayar magani ce ya haɗiye.