Yadda ake haɗa irin ƙudan zuma a Forestry, wani ƙari (mod) na wasan Minecraft

1. Fasa amya da Scoop (ragar kama ƙudan zuma) kaɗai, in ba haka ba ƙudan ba za su faɗo ba. Nemo gimbiya (macen da ba ta zama sarauniya ba tukuna) ta irin Forest da namiji na irin Meadows.

2. Saka su a Apiary (akwatin kiwon ƙudan), inda za su haɗu gimbiyar ta zama sarauniya, ka shuka furanni kusa. Ɗayan akwatin, Bee House, ba ya sauya iri.

3. Jira sarauniya ta mutu, za ta bar gimbiya ɗaya da maza. Dare da ruwan sama na tsayar da aikinta.

4. Damar samun sabon iri mai suna Common kashi 15 cikin 100 ce, sai an yi ta maimaitawa. Nan yawanci ake yin kuskure: ɗan kan fito ruwa biyu. Duba shi da Beealyzer (na'urar duba irin ƙudan, wadda Portable Analyzer ta maye gurbinta a sababbin sigogi), wanda ke cin ɗigon zuma, ka riƙa haɗa masu Common a ɓangarorin iri biyu da na'urar ke nunawa har irin ya tsaya.

5. Common da Forest na haifar da irin Cultivated, damar kashi 12 cikin 100.